Tambaya da Amsa: Tarihin Marseille, Abedi Pele da Kofin Zakarun Turai na 1993

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata sun karkata ga batu ɗaya, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Olympique de Marseille da ke kudancin Faransa, kuma mafi yawansu daga unguwanninmu na Accra suka fito. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Nima. Tun da na fara kallon ƙwallo Paris Saint-Germain (PSG) nake gani tana lashe gasar Faransa kusan kowace shekara, amma mahaifina ya dage a kan cewa babu ƙungiya a Faransa kamar Marseille. Ba na so in yi musu da shi ba tare da sani ba. Mene ne tarihinta, kuma da me take taƙama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka nemi sani kafin ka buɗe baki a gaban mahaifinka, domin maganarsa tana da tushe. An kafa Marseille a 1899, PSG kuwa sai a 1970 aka kafa ta, wato lokacin da Marseille ta riga ta haura shekara saba'in tana wasa. Wanda ya assasa ta shi ne René Dufaure de Montmirail, kuma da farko ƙungiya ce ta wasanni iri-iri wadda wasan rugby ya fi ƙarfi a cikinta, kafin ƙwallon ƙafa ya zo ya mamaye komai. Ta ɗauki Kofin Faransa a 1924 da 1926 da 1927, tana cikin ƙungiyoyin da suka fara gasar ƙwararru ta ƙasar a 1932, sannan ta lashe gasar karo na farko a 1937, shekarar da aka buɗe filin Vélodrome wanda har yau shi ne gidanta, kuma yanzu yana ɗaukar 'yan kallo kimanin dubu 67.

Ba za a fahimci wannan ƙungiya ba sai an fahimci birninta. Marseille tashar jiragen ruwa ce a gaɓar Bahar Rum, ita ce birni na biyu mafi girma a Faransa, kuma shekaru aru-aru baƙi suke sauka a cikinta su zauna: mutanen Italiya, da Armeniyawa, da Larabawan Aljeriya da Tunisiya da Maroko, da mutanen tsibiran Komoro da na Senegal. Wanda ya tashi a zango ba zai sha wahalar gane irin wannan gari ba, inda kowa yake da asalin da ya baro, amma zaman wuri ɗaya ya haɗa su har suka zama al'umma guda mai alfahari da kanta. Filin ƙwallo ne wurin da dukansu suke haɗuwa, shi ya sa tun a 1938 ɗan Maroko Larbi Benbarek ya zama abin ƙauna a wurinsu, tun kafin yawancin ƙungiyoyin Turai su fara kallon Afirka.

Bayan kambun 1948 ƙungiyar ta yi ta hawa da sauka, har ta faɗa rukuni na biyu a 1959. Ta farfaɗo a hannun shugabanta Marcel Leclerc, ta lashe gasar a 1971 da 1972, kuma a kakar 1970 zuwa 1971 ne Josip Skoblar ya zura ƙwallo 44 a gasar, adadin da har yau babu wanda ya kamo shi a Faransa. A 1980 ta sake faɗuwa, bashi ya yi mata katutu, manyan 'yan wasa suka watse, sai yaran gari da ta rena da kanta suka riƙe ta har ta dawo rukuni na ɗaya a 1984. Ina ganin wannan babi ya fi wasu kofunan daraja, domin ɗaya daga cikin yaran nan, Éric Di Meco, yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin Turai shekara tara bayan haka.

Idan aka tattara, Marseille tana da kambun gasar Faransa tara, da Kofin Faransa goma, da Kofin Zakarun Turai ɗaya. A yawan kofuna na cikin gida PSG ta wuce ta, wannan babu ja. Amma a tsawon tarihi, da yawan magoya baya a faɗin ƙasar, da kasancewarta ta farko da ta kawo wa Faransa babban kofin Turai, mahaifinka yana da hujjar da zai kare kansa da ita.

Tambaya: Malam, ni tela ne a Mamobi. A fadarmu ta shan shayi gardama ta ƙi ƙarewa: wasu suna cewa Abedi Pele ne ya ci ƙwallon da ta ba Marseille kofin Turai, wasu suna cewa ba shi ba ne. Muna neman hukunci.

Amsa: Maigida, gaishe ka da aiki, ka kuma gaida mutanen fada. Ba Abedi ne ya ci ƙwallon ba. Basile Boli ne ya ci ta da ka, amma ɗan Ghana Abedi ne ya bugo masa kwanar, kuma shi ne ma ya samo kwanar tun farko bayan ya matsa wa Paolo Maldini, ɗan bayan AC Milan, ta ɓangaren dama. An yi wasan ranar 26 ga Mayu, 1993, a filin Olympiastadion na birnin Munich a Jamus, aka tashi Marseille tana da ci ɗaya, AC Milan tana nema, kuma ƙwallon ta shiga ne daf da tafiya hutun rabin lokaci.

Sai dai wanda ya tsaya ga wannan dare kaɗai bai ga rabin labarin ba. A 1986 attajiri Bernard Tapie ya karɓi shugabancin ƙungiyar da niyyar da bai ɓoye ba, ta ɗauko kofin da ya gagari Faransa, domin Reims ta je wasan ƙarshe a 1956 da 1959 ta sha kashi, Saint-Étienne ma haka a 1976. Ya zuba kuɗi ya sayo Jean-Pierre Papin, da Chris Waddle daga Ingila, da Enzo Francescoli, ƙungiyar ta lashe gasar Faransa sau huɗu a jere daga 1989 zuwa 1992, Papin kuma ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Turai a 1991. Abedi ya iso a 1987 bayan ya bi ta Real Tamale United da ƙananan ƙungiyoyin Faransa irin su Niort da Mulhouse, amma bai samu wuri nan take ba, sai aka ba da shi aro ga Lille na kaka biyu, ya dawo a 1990 a matsayin cikakken gwani.

A Turai kuwa sau biyu abin yana kuɓuce musu suna gani. A 1990 Benfica ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da ƙwallon da Vata ya tura da hannu, alƙalin wasa bai gani ba. A 1991 suka fitar da Milan, wadda ita ce ke riƙe da kofin shekara biyu a jere, a wani wasa da wasu fitilun Vélodrome suka mutu ana daf da tashi, 'yan Milan suka ƙi komawa fili, har hukumar ƙwallon Turai ta dakatar da su na shekara guda. Amma a wasan ƙarshe a birnin Bari, Red Star Belgrade ta tsare gida har aka tashi babu ci, ta kuma yi nasara a bugun fenariti da 5 da 3. Hoton Boli yana kuka a fili a daren nan ya zaga duniya, kuma wannan ne ya sa ƙwallonsa ta 1993 take da nauyin da take da shi a zukatan mutanen birnin.

Milan ɗin da suka tarar a Munich ta ci dukkan wasanninta goma kafin ta iso wasan ƙarshe, tana da Franco Baresi da Maldini da Frank Rijkaard da Marco van Basten, ga kuma Papin da ya koma can a 1992, wanda aka sako daga benci ya fuskanci tsoffin abokansa. A farkon wasan Milan ta ɓarar da damammaki, matashin mai tsaron gida Fabien Barthez ya tare wasu, sannan bayan ƙwallon Boli kyaftin Didier Deschamps da Marcel Desailly da sauran suka toshe kowace kafa bisa tsarin kocinsu, dattijon nan ɗan Beljiyam Raymond Goethals. A ganina Abedi ne ya fi kowa taka rawa a daren, domin duk lokacin da aka matsa wa Marseille shi ne mai riƙe ƙwallo ya ba 'yan baya damar numfasawa. Ba banza ba aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1991 da 1992 da 1993. Kuma ga wanda ya tuna yadda katin gargaɗi ya hana shi buga wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Senegal a 1992, inda Kwaddibuwa ta doke Black Stars ta Ghana a bugun fenariti da 11 da 10, zai gane abin da ya sa mutanen Ghana suka ɗauki nasarar Munich tamkar tasu.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Madina. Na ji ana cewa Marseille sayen kofin nan ta yi da cin hanci, kuma daga baya an ƙwace shi. Ɗalibaina sun tambaye ni, ina so in ba su amsa ta gaskiya.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan kulawa. Gaskiya ne an yi cin hanci, kuma gaskiya ne an ƙwace kambu, amma ba kofin Turai aka ƙwace ba, kuma ba a wasan Milan aka ba da toshiyar bakin ba. Mutane suna haɗa abubuwa biyu ne saboda kwana shida kacal ne tsakaninsu.

Ranar 20 ga Mayu, 1993, Marseille ta je gidan Valenciennes a gasar Faransa. Shugabanninta suna so su ci wasan cikin sauƙi, su kusanci kambu ba tare da wani ɗan wasa ya ji rauni kafin tafiya Munich ba, don haka babban manajan ƙungiyar, Jean-Pierre Bernès, ya yi amfani da ɗan wasansu Jean-Jacques Eydelie wajen tuntuɓar 'yan Valenciennes uku domin su sassauta. Biyu daga ciki, Christophe Robert da Jorge Burruchaga, sun shiga cikin lamarin, na ukun kuwa, Jacques Glassmann, ya ƙi, ya kuma fallasa. Marseille ta ci wasan da ɗaya da nema, amma bincike ya kai ga tono kuɗin Faransa na wancan lokaci, faran dubu 250, da aka binne a lambun gidan wasu dangin Robert.

Hukuncin ya yi tsanani, kuma a ganina ya dace. An ƙwace kambun gasar Faransa na 1993, aka bar shekarar babu zakara domin PSG da ta zo ta biyu ba ta karɓa ba. An hana Marseille kare kofinta na Turai a kaka mai zuwa, an hana ta buga wasan zakarun nahiyoyi, inda Milan ta je a madadinta, sannan a 1994 aka jefa ta rukuni na biyu, ba ta dawo ba sai 1996. Kotu ta sami Tapie da laifi a 1995, ya kuma yi 'yan watanni a gidan yari a 1997. Hukumar ƙwallon Turai ba ta soke sakamakon Munich ba, saboda haka sunan Marseille yana nan a jerin zakaru. Sunan Abedi Pele kuwa ba ya cikin waɗanda kotu ta hukunta.

Duk da haka ba zan ce wa ɗalibanki ƙungiyar ta fita fes ba. Abin da aka yi a Valenciennes an yi shi ne domin a isa Munich da ƙarfi, saboda haka ba za a raba su gaba ɗaya ba, kuma Arsène Wenger, wanda yake horar da Monaco a shekarun da take biye wa Marseille a teburi, ya sha bayyana takaicinsa game da wancan zamani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne cewa 'yan wasan ba su buƙatar wannan maguɗi, domin kwana uku bayan Munich sun doke PSG da 3 da 1, Boli ya sake ci da ka. Son zuciyar shugabanni ne ya shafa wa gumin 'yan wasa baƙin fenti. Ki kuma gaya wa yaran labarin Glassmann, wanda 'yan kallo suka riƙa yi wa ihu a filayen Faransa saboda ya faɗi gaskiya, har sai da FIFA ta ba shi lambar yabo ta wasa da adalci a 1995.

Tambaya: Daga Sabon Zango nake rubutowa. Tun da PSG ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2025, me ya rage wa Marseille? Kuma me ya hana ta sake yin abin kirki tun 1993?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya rage mata shi ne abin da magoya bayanta suke rerawa, cewa su ne na farko har abada. PSG ta lallasa Inter Milan da 5 da nema ranar 31 ga Mayu, 2025, a birnin Munich ɗin dai, ko da yake a wani filin dabam, kuma nasara ce da ta cancanta, amma ta zo ne shekara 32 bayan ta Marseille.

Ba daidai ba ne a ce ba ta yi abin kirki ba. Ta kai wasan ƙarshe na ƙaramin kofin Turai sau uku, sai dai duka ta sha kashi: a hannun Parma a 1999, da Valencia a 2004, da Atlético Madrid a 2018. A 2010 Deschamps, wanda ya dawo a matsayin koci, ya kawo mata kambun gasar Faransa, ta kuma ɗauki kofin ƙungiyoyin ƙwararru, Coupe de la Ligue, sau uku a jere daga 2010 zuwa 2012. Bayan nan ne aka shiga dogon fari. Babban dalili shi ne kuɗi, domin tun da masu zuba jari na ƙasar Katar suka sayi PSG a 2011 tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu ta wuce abin da kuɗin shiga fili zai cike, ko bayan da Ba'amurke Frank McCourt ya sayi Marseille a 2016. Dalili na biyu na cikin gida ne, wato rashin haƙuri: koci ba ya daɗewa, kuma zafin magoya baya da yake razana baƙi a Vélodrome shi ne yakan juyo kan ƙungiyar, kamar yadda aka gani a Janairun 2021 lokacin da wasunsu suka kutsa sansanin atisaye.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce daga Fadama. Ban da Abedi Pele, akwai wasu 'yan Ghana ko 'yan Afirka da suka yi suna a Marseille?

Amsa: 'Yata, akwai su da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu yana tare da Abedi a fili a daren Munich. Marcel Desailly a nan Accra aka haife shi a 1968, aka tafi da shi Faransa yana ƙarami, ya tashi a Nantes, ya zo Marseille a 1992. Bayan rikicin Valenciennes ya koma Milan, ya sake ɗaukar kofin a 1994, har ya ci ƙwallo a wasan da suka doke Barcelona da 4 da nema, ya zama ɗan wasa na farko da ya lashe kofin shekara biyu a jere da ƙungiyoyi biyu dabam. Faransa ya buga wa, ya ɗauki Kofin Duniya da ita a 1998. Boli ma a Abidjan aka haife shi, don haka ƙwallon da ta kawo kofin ta tashi ne daga ƙafar ɗan Ghana ta sauka a kan haifaffen Kwaddibuwa.

'Ya'yan Abedi biyu sun bi sawunsa. Jordan, wanda aka haifa a Marseille a 1991, ya fara buga wa manyan ƙungiyar a Disambar 2009, ya ci ƙwallo a wasansa na farko, yana kuma cikin tawagar da ta lashe gasar 2010. André a kakar nan yana zaman aro a Arles-Avignon, amma da ya dawo sai ya zama ginshiƙi, ya ci ƙwallo uku a wasan da suka doke Lille da 5 da 4 a birnin Tanja na Maroko a 2011, ya zauna har 2015 kafin ya koma Swansea. Akwai kuma Salif Keita na Mali, da mai tsaron gida Joseph-Antoine Bell na Kamaru, da Didier Drogba wanda kaka ɗaya tak ya yi daga 2003 zuwa 2004 kafin Chelsea ta saye shi, da Taye Taiwo na Najeriya, da Mamadou Niang na Senegal wanda shi ne kyaftin kuma wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2010.

Wanda nake so ki riƙe sunansa kuwa bai taɓa buga wa ƙungiyar wasa ba. Pape Diouf ɗan Senegal ne da ya iso Marseille yana saurayi, ya yi aikin jarida yana ba da rahoton wasannin ƙungiyar, daga baya ya zama wakilin 'yan wasa irin su Bell da Boli da Desailly da Drogba, sannan ya shugabanci Marseille daga 2005 zuwa 2009, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe babbar ƙungiya a manyan gasannin Turai. Bai ɗauki kambun gasa ba a zamaninsa, amma ya daidaita lissafin kuɗin ƙungiyar, ya mayar da ita cikin masu zuwa gasar Zakarun Turai a kai a kai, kuma shi ne ya ɗauko Deschamps 'yan makonni kafin a raba shi da kujerarsa a Yunin 2009. Ya rasu a Dakar ranar 31 ga Maris, 2020, sakamakon cutar korona. Kambun 2010 an ɗaga shi ne a zamanin magajinsa, Jean-Claude Dassier, amma kocin da ginshiƙan tawagar irin su Niang da Taiwo da mai tsaron gida Steve Mandanda duk Diouf ne ya bar su a wurin.